Tekun da Mukhtaru Ya Zana a Bangon Garba

A unguwar Hindawiyya ta Makka, cikin shekarun da suka gabaci yaƙin duniya na biyu, duk wanda ya ce bai san gidan Mukhtaru mai fentin akwati ba, to ko dai baƙo ne ko hancinsa ya toshe, don tun daga bakin lungu warin fenti da kananzir ke tarbar mutum. A Makka aka haifi Mukhtaru. Ubansa ya baro Kano yana saurayi, shekarar da Nasara suka ci garin, ya biyo mahaifiyarsa Asiya a ƙafa ta Barno da Wadai da Sudan har suka haye Bahar Maliya. Uban ya rasu tuntuni. Ita kuwa Asiya tana nan daram, ta ƙi zuwa ko'ina, tana zaune a tsakar gidan jikanta tana gyara wa kowa magana.

Sana'ar Mukhtaru ba ta da wuyar fahimta. Alhazai in sun gama aikin Hajji sukan sayi akwatin kwano su zuba tsaraba, dabino da carbi da turare, shi kuma shi ke yi wa akwatunan ado. Fure yake zanawa, babba a tsakiyar murfi, ƙanana a gefe. Shi dai cewa yake wardi ne. Matarsa Rabi ta ce ita albasa take gani wadda jaki ya taka. Alhazai ba su damu ba. Tunda a Makka aka zana albasar, ai albarka ce.

Rabi tana soya ƙosai da safe a ƙofar gida. Takardar ƙunshi ƙanenta Yunus ke kawo mata, don shi ɗan dako ne a kantin wani Balarabe Bahadrame mai sayar da tangaran. A shekarun nan kayan Japan sun cika kasuwannin Hijaz, finjalan shayi da faranti da ashana da yadi, kuma kowane finjali yakan zo a naɗe cikin tsohuwar takarda don kada ya fashe a hanya. Bahadramen finjalansa yake so, takardun kuwa shara ce, sai Yunus ya tattaro ya kawo wa yayarsa.

Wata safiya Rabi ta miƙa wa mijinta ƙosansa a ƙunshe. Ya cinye, ya ɗaga takardar zai goge hannu, sai ya ga ido yana kallonsa ta cikin mai. Ya warware ta a kan gwiwa. Kifi ne, amma ba irin busasshen da ake kawowa a buhu ba. Wannan ya lanƙwashe jiki yana hawan ruwa, kowane ɓawon jikinsa an fitar da shi daban, ruwan kuma an ja shi layi-layi kamar kitso. Mukhtaru ya daɗe yana kallo har ƙudaje suka zo taya shi.

"Rabi, ina sauran takardun nan?"

"Sun tafi da ƙosai, Malam. Sai ka bi gida-gida ka yi sallama."

Saura kaɗan ya bi ɗin. Ya kwashe ragowar damin da ke ƙarƙashin kwandonta, ya aro dutsen guga wurin telan maƙwabta, ya zauna yana goge takardu ɗaya bayan ɗaya kamar mai shirin zuwa ɗaurin aure. Ranar sai kowa ya zo sayen ƙosai da kwanonsa, kuma Rabi ta tabbatar duk wanda ya zo ya ji dalili.

Da yawansu rubutu ne kawai, irin na mutanen can mai kama da sawun kaji. Amma a ciki akwai zane. Akwai igiyar ruwa da ta miƙe tsaye ta fi gida tsawo, bakinta ya rarrabu kamar yatsu masu farce. Akwai wata ƙatuwar tarwaɗa baƙa, mutane ƙanana sun hau gadon bayanta suna dukanta da sanduna. Akwai kaguwa, akwai kunkuru mai jelar gashi, akwai wata halitta mai kai kamar tulu da hannuwa barkatai, ta zaro idanu kamar an ce mata farashin nama ya tashi.

Mukhtaru bai taɓa ganin teku ba. Jidda ga ta nan, ana zuwa kullum ana dawowa, amma shi Allah bai nufe shi ba, kuma bai ga abin da zai kai shi ba. Don haka ya kwashi takardun ya kai wa kakarsa, tunda ita ce ta haye Bahar Maliya, kuma ba ta taɓa barin kowa ya manta da hakan ba.

Asiya ta kawo takardar tarwaɗar dab da hancinta, sannan ta gyaɗa kai.

"Na san shi," ta ce. "Sarkin Tarwaɗa ne na kogin Wudil. Shi ya haɗiye wani mai fito da kwale-kwalensa, mutumin ya zauna a ciki har ya yi noman rani. Ashe Japanawan nan sun je Wudil."

"Tsohuwa, su ina, Wudil ina?"

"Maigidana," ta ce, don haka take kiransa irin na kaka da jika, "kai da ko randa ba ka taɓa hayewa ba, kai za ka gaya min inda mutane ke zuwa?"

Daga nan bakinta ya buɗe. Ta ba shi labarin ayu, mai shayar da ɗanta a gefen ruwa tana kuka kamar mace. Ta ba shi labarin 'yar ruwa, wadda gashinta ke kaiwa daga wannan gaɓa zuwa waccan, in ta yar da matajinta ka tsinta to ka yi arziki, in ta gan ka kana tsinta kuma to sai dai a yi maka addu'a. Ta ce duk ta gan su da idonta a hanyar teku daga Sawakin ta Sudan zuwa Jidda, suna bin jirginsu a baya. Mukhtaru ya zauna baki buɗe yana saurare, yatsansa na zane a ƙasa.

Akwatin da ya fara yi wa sabon ado na wani Alhaji ne mutumin Gwarzo. Mukhtaru ya shafe murfin da shuɗi, ya tayar da igiyar ruwa mai farce, ya sa tarwaɗa tana leƙowa. Alhajin ya zo ɗauka, ya tsaya, ya ja da baya.

"Malam, wannan fa?"

"Teku ne, Alhaji."

"To ni da zan hau teku da akwatin nan, shi ne ka zana min yadda zai cinye ni? Ka mayar min da furena."

Haka aka yi ta yi. Wani ya ce hannun mayya ne, wani ya ce uwargidansa ba za ta bar wannan abu ya kwana a ɗakinta ba. Alhazai suka fara wucewa lungu na gaba, wurin wani mai zana dabino. Mukhtaru bai karaya ba. Ya ce mutane ne ba su waye ba. Ya daina amsa sunan mai fenti, ya ce shi rassam ne, wato mai zane, kamar yadda Larabawa ke faɗa. Rabi ta ce to madalla, a gaya wa rassam gero ya ƙare.

Wanda ya cece shi Garba ne mai kifi. Garba dattijo ne, yana da rumfar soya kifi a bakin hanyar Jidda, da bango dogo fari fat a bayan masu cin abinci. Wani Balarabe Bayamale ya buɗe irin rumfar a tsallaken hanya, ya rataya fitila mai famfo, mutane suka koma can kamar fara. Garba ya ga ɗaya daga cikin akwatunan da aka ƙi, ya tsaya yana tunani.

"Ɗana," ya ce, "abin nan naka ba kyau, amma ba a iya wuce shi ba a kalla ba. Zo ka yi min shi a bango. Babba."

Mukhtaru ya ji rabin maganar na ƙarshe kawai. Ya kwashi gwangwanayen fentinsa ya tare a rumfar Garba. Ya haɗa abin da ya gani a takardun Japan da abin da ya ji a bakin Asiya, ya zuba su duka a bango ɗaya. Igiyoyin ruwa suka miƙe har rufi. Sarkin Tarwaɗa ya kwanta a tsakiya da gashin baki kamar igiyar guga, har da rawani, don Asiya ta ce sarki ba ya fita kai ba komai. Ayu ta rungume ɗanta a gefe. 'Yar ruwa kuwa, tunda Makka ce kuma Mukhtaru yana son kansa a wuyansa, gashinta kawai ya zana yana bin ruwa, da mataji a ƙarshensa. Mai kan tulu ta zauna a kusurwa ta baje hannuwa.

Aka ɗauko Asiya a kan jaki ta zo ta duba. Ta ce ba laifi, sai dai ayun ta rame.

Garba ya yi dariya. "Inna Asiya, jirgi ɗaya fa muka hau da ke, ina yaro. Tun daga Sawakin kika shige ƙarƙashin tabarma kina kiran sunan Allah, ba ki fito ba sai da aka ce ga Jidda. Yaushe kika ga ayu?"

Asiya ta dube shi sama da ƙasa. "Kai da ido kake ganin mutanen ruwa? Shi ya sa ka ƙare a suyar 'ya'yansu."

Saura magana ɗaya, ita ce ta Malam Abdulganiyyu, limamin ƙaramin masallacin unguwa. Kowa ya san zanen abu mai rai ba abin wasa ba ne a garin nan, kuma Garba ba ya son a zo a rufe masa rumfa. Ya gayyato Malam, ya sa aka soya masa kifi mafi girma, ya zaunar da shi yana fuskantar bango. Malam ya ci, ya wanke hannu, ya tashi ya bi bangon daga wannan ƙarshe zuwa wancan, hannuwa a baya.

"Wannan mene ne?"

"Tarwaɗa ce, Allah gafarta Malam."

"Da rawani."

"Sarki ne."

"Na'am. Wannan fa?"

"Ayu."

Malam ya daɗe a gaban ayun. Sannan ya juyo ya ce, "Abin da aka hana shi ne mutum ya kwaikwayi halittar Allah. Na duba da kyau, Mukhtaru, kuma alhamdu lillahi ba ka kwaikwayi komai ba. Ban san wani abu da Allah ya halitta mai kama da waɗannan ba. Amma don a fita daga shubuha, ka ja wa kowannensu layi a wuya, ya zama an raba kai da jiki."

Mukhtaru ya rasa ko godiya zai yi ko fushi. Ya ɗauko buroshi, sai kuma aka tsaya, don ba wanda ya san inda wuyan kifi yake. Masu cin abinci suka rabu biyu, wasu suka ce bayan ido, wasu suka ce kifi duk jikinsa wuya ne. Garba ya kawo wuƙarsa ya nuna inda yake yankewa kullum, aka bi nasa. Da aka zo kan mai kan tulu, an nemi wuya an rasa. Malam ya ce wannan a ganinsa saiwar itace ce, a bar ta.

Bangon ya yi abin da aka sa shi. Mutane suka riƙa zuwa kallo daga unguwannin Jarwal da Misfala, wanda ya zo kallo kuma ƙamshi ba ya barinsa ya tafi haka. Fitilar Bayamale ta koma haska kujeru. Mukhtaru ya sayi sabuwar hula, ya riƙa zama a ƙarƙashin Sarkin Tarwaɗa da la'asar yana yi wa baƙi bayanin teku, yadda yake tashi, yadda yake ruri, da inda ya kamata mutum ya riƙe in jirgi ya karkata.

Yana cikin wannan bayani wata rana sai Dawuda ya shigo da kwandon kifi a ka. Dawuda Bahaushen Jidda ne, a can aka haife shi, shi ke kawo wa Garba kifi a motar kaya. Ya daɗe bai zo da kansa ba, ƙanensa yake aikowa. Ya sauke kwandon, ya ɗaga kai, ya ga bango.

"Esh hada?" ya ce da Larabci, wato mene ne wannan. Sai dariya ta kama shi, har sai da ya zauna a ƙasa ya riƙe ciki. "Baba Garba, wa ya yi maka wannan? Teku da farce? Ya sheikh, a wace ƙasa?"

Aka nuna masa Mukhtaru. Mukhtaru ya gyara zaman hularsa ya ce mai zane ba sai ya ga abu yake zana shi ba.

"Wallahi na yarda," Dawuda ya ce yana share hawaye. "Ga shaida nan a bango."

Mutanen da ɗazu suke gyaɗa kai suka fara murmushi a cikin kwanukansu. Mukhtaru ya tashi ya tafi gida. Ko abinci bai ci ba, har Rabi ta fasa abin da ta shirya faɗa. Washegari da Dawuda zai koma, sai ya tarar da rassam a bayan mota, zaune a tsakanin kwanduna masu ƙarni, da damin takardunsa da gawayi a aljihu.

Suka isa Jidda da hantsi. Dawuda ya bi da shi ta bayan ganuwa har bakin ruwa, ya ce, "To, ga shi."

Mukhtaru ya duba. Ruwa ne shimfiɗe, fari-fari, shiru, kamar an zuba a faranti an manta. A gefe wani jaki na tsaye a ciki, ruwan bai kai masa gwiwa ba. Ba yatsu, ba farce, ba ruri. Wata 'yar igiya ta taho a hankali, ta taɓa masa takalmi, ta koma kamar ta ji kunya.

"Yaushe yake tashi?" ya tambaya.

"Wa?"

"Tekun."

"Ai ba barci yake ba."

Mukhtaru ya ji an cuce shi, ya rasa wanda zai kama, Japanawa ko kakarsa ko tekun kansa. Ya ce shi a ganinsa na bango ya fi. Dawuda ya ce tayyib, ya ji, amma tunda an zo, a shiga. Ya aro kwale-kwalen wani ɗan'uwansa masunci, ya tura su ciki.

Ba su yi nisa ba cikin Mukhtaru ya fara juyawa. Mutumin da ke koya wa jama'a inda za su riƙe in jirgi ya karkata, ga shi a kan ruwan da ko motsi ba ya yi, ya rungume gefen kwale-kwale yana mayar da abin da ya ci tun Makka. Dawuda ya kau da kai don ladabi, amma kafaɗunsa na rawa.

Da abin ya lafa, Mukhtaru bai iya ɗaga kai ba, ya bar shi a rataye yana kallon ƙasa. Ruwan ya washe. A nan ya ga abin da ba wanda ya taɓa gaya masa. A ƙarƙashinsu akwai duwatsu masu rassa kamar kurmi, ja da rawaya da wani launi da bai san sunansa ba. Kifaye na shiga suna fita. Wani kore shar da baki kamar na aku yana gutsurar dutse. Wani ja mai ɗigo-ɗigon shuɗi ya tsaya cak a bakin rami yana hura kumatu. Wasu ƙanana masu ratsin baƙi da rawaya suka taho a tare, suka juya a tare, kamar mutum ɗaya ne ke tunani a madadinsu. Ba mai rawani a cikinsu, ba wanda ya kula da shi. Ya tuna gwangwanayen fentinsa na gida, shuɗi da ja da kore da fari, sai ya ji idonsa ya cika, kuma wannan karon ba amai ba ne.

"Mu koma?" in ji Dawuda.

"Dakata tukuna."

Bai koma Makka ranar ba, bai koma a makon ba. Ya samu wurin kwana a bukkokin 'yan'uwan Dawuda a bayan gari. Kullum da sassafe yana kasuwar kifi, ya tsuguna a gaban tabarmar masunta yana zana abin da aka kamo a bayan takardunsa na Japan, kafin rana ta kashe launin. Masu kifi suka saba da shi. "Ya rassam, yau za ka saya ko kallon ne dai?" Wani ya ɗaga masa mai kan tulu ta gaske, wadda suke kira akhtabut, sai ga ta 'yar mitsitsiya, ta langaɓe kamar jiƙaƙƙen tsumma. Mukhtaru ya zana ta haka nan. Ya koyi yadda ƙayar baya ke kwanciya, ya koyi cewa idon kowane kifi daban yake. Ya nemo wani mai fentin jiragen ruwa ya koya masa haɗa launi.

Ya dawo gida baƙi ƙirin, ya rame, yana warin kasuwa. Lokacin kuwa Hajji ya kawo jiki, alhazai sun cika gari, lokacin da mai fentin akwati ke tara abincin shekara. Rabi ta nuna masa akwatunan da aka jibge a zaure. Ya ce yana zuwa. Garba ya rufe rumfa ya tafi Arfa da Mina sayar da abinci kamar yadda ya saba kowace shekara, ya bar wa Mukhtaru mabuɗi don ya riƙa leƙawa. Mukhtaru ya leƙa. Ya shafe bangon gaba ɗaya, da sarki da ayu da gashi da mataji, ya fara sabo.

A gida kuwa, da Rabi ta ga alhazai na zuwa suna komawa, sai ta kira Yunus ta miƙa masa buroshi. Yunus bai taɓa zana ko da'ira ba. Ya dangwala ja a tsakiyar kowane murfi, ya zagaye da kore. Alhazai suka saye akwatunan tas, har wani ya ce hannun Mukhtaru ya ƙara faɗawa bana. Rabi ta kai wa mijinta wannan yabo har rumfa, da kanta, don kada ya ɓata a hanya.

Garba ya dawo bayan Salla, ya buɗe rumfa, ya tsaya. Bangon ya zama ruwa mai haske, shiru, ga duwatsu masu rassa, ga kifaye kowanne da kamanninsa da girmansa na gaskiya. Duk wanda ya taɓa leƙa ƙarƙashin Bahar Maliya zai ce haka yake. Mukhtaru na gefe yana jira, hannuwansa duk fenti.

"Ina sarkin?" in ji Garba.

"Babu shi, Baba. Ƙarya ne. Wannan shi ne teku."

"Na san teku, ɗana, na haye shi. Wa ya ce maka teku nake so? Waɗannan ai su ne a cikin kaskona. Mutum ya taso daga Misfala don ya ga abin da ke cikin kwanonsa?"

Aka sake ɗauko Asiya a kan jaki. Ta duba ta ce, "An kori manya an bar talakawa." Ta ce a mayar da ita gida, kuma ta yi kwanaki ba ta kira shi maigidanta ba.

Dawuda kaɗai ya tsaya a gaban bangon bai yi dariya ba. Ya bi kifayen da yatsa yana kiran sunayensu ɗaya-ɗaya, ya ce mashallah. Amma Dawuda ba ya sayen soyayyen kifi, shi ke kawo ɗanye, don haka ra'ayinsa bai shiga lissafin Garba ba.

Sai Malam Abdulganiyyu ya zo. Wannan karon bai ci komai ba tukuna. Ya daɗe a gaban jan kifin nan mai ɗigon shuɗi, ya matsa kusa, ya ja da baya, har ya miƙa hannu kamar zai taɓa sannan ya fasa.

"Mukhtaru," ya ce a hankali, "ka iya. Wallahi ka iya. Wannan saura ya yi numfashi." Ya yi ajiyar zuciya. "Shi ya sa ba zai zauna ba. Na da ba su yi kama da komai ba, na samu inda zan tsaya in an tambaye ni. Waɗannan kuwa ko makaho ya shafa ya san kifi ne."

"A ja musu layi a wuya, Allah gafarta Malam," in ji Garba.

Mukhtaru ya ce ba wanda zai ja wa kifayensa layi. Malam ya ce ko an ja, shi ba ya jin layi zai kashe waɗannan. Garba ya ce halas, magana ta ƙare, shi ya huta, dama bango fari ya gada. Washegari ya aiko a kawo farar ƙasa. Da yake Garba ne, ya sa aka tsinka ta da ruwa sosai don ta isa, saboda haka da ta bushe sai idanun kifayen suka riƙa leƙowa ta ƙarƙashi, dishi-dishi. Malam ya ci gaba da zuwa cin kifinsa, sai dai yanzu bango yake juya wa baya. A saman ƙofa Garba ya sa aka rubuta "samak", wato kifi da Larabci, da manyan baƙaƙe, ya kuma sayi fitila mai famfo.

Mukhtaru ya koma kan akwatuna, don gero ba ya jiran rassam. Ba a jima ba yaƙi ya ɓarke, finjalan Japan suka daina zuwa, alhazai ma suka ragu. Ya samu lokaci fiye da yadda yake so. Duk sanda motar Dawuda ke da wuri sai ya bi ta, ya dawo da sababbin kifaye a kan kowace irin takarda ya samu. Ba mai saye, ba mai tambaya. Ya jera su a ƙarƙashin shimfiɗa, har gadon ya fara tudu.

Wata rana da la'asar Rabi na shara, ta jawo guda ɗaya da ta faɗo. Kifin nan ne kore mai bakin aku. Ta tsaya da tsintsiya a hannu tana kallo, ta daɗe fiye da yadda shara ke bukata. Mukhtaru na bakin ƙofa yana wanke buroshi, ya yi kamar bai gani ba, yana jiran abin da zai fito.

"Malam," ta ce, "wannan da gaske akwai shi, haka kore?"

"Akwai shi. Ya ma fi haka."

Ta ƙara dubawa. "Da za a samu a soya shi da yaji, da ya yi daɗi."

A duk rayuwarsa ba a taɓa yi wa aikinsa yabon da ya kai wannan ba, kuma ya sani. Ya buɗe baki zai yi bayani a kan launin, ta ɗaga masa hannu. Ta kaɗe ƙurar takardar, ta buɗe akwatinta na kayan aure, ta shimfiɗa ta a kan zannuwanta na fita unguwa, ta rufe.

"Don kada ta ƙara cika min ɗaki da shara," ta ce, ta ci gaba da aikinta.